Kwandon Eulalia

Matakala ɗari biyu da goma sha bakwai
tsakanin tandar Eulalia da gida na ƙarshe a kan tudu.
Gwiwata ce ta ƙirga su, ba bakina ba,
don ni ne yaron da ke hawa da burodi
tun jiragen ruwan Valparaíso ba su kashe fitila ba.

Shekarar da aka buɗe katafaren kanti a bakin teku,
mai ƙofar da ke buɗe kanta,
ciniki ya tattara ya yi ƙaura.
Masu ƙafa suka gangara can.
Aka bar mana masu sanda da masu tari,
da ni, da kwando ɗaya.
Kafin in kai ƙofar tsoho Nibaldo burodi ya huce.
Sai ya latsa shi da yatsa, ya ce na jiya ne.

Eulalia ba ta kai ƙara wurin kowa ba.
Dare uku ta yi a bakin ƙofa,
garin alkama a gira, ido a sama,
tana kallon igiyoyin shanya
da suka ɗinke wannan taga da waccan,
yadda wando ke barin hannu, ya sha iska,
ya komo a bushe.
Da asubahin na huɗu ta ce,
"Je ka ɗauko mini keken marigayi."

Muka kwance ƙafar, muka cire taya.
Igiya kuwa a hannun masunci muka saye ta,
burodi shida da alkawarin shida.
Muka kafa ƙarfe a rufinmu, wani a barandar Nibaldo.

Ranar gwaji kwando ya kai rabi, ya yi tangaɗi,
ya kife.
Tsuntsayen teku suka yi walima,
unguwa ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ita kuwa ta tsuguna tana tsintar ɓawo,
tana magana da kanta: murfi, nauyi a gindi, ƙararrawa.
Murfin tukunya ta ɗaura.
Ta shimfiɗa tsohon bargo a ciki.
Sau biyar yana faɗuwa. A na shida
muka ji muryar tsoho daga sama:
"Ya ƙone ni!"
Ban taɓa jin ƙorafi mai daɗin wannan ba.

Abin da ba mu shirya ba shi ne dawowar.
Kwando ya ƙi saukowa fayau.
Tsabar kuɗi a cikin safa,
takardar likita, takalmin da ke neman ɗinki,
wasiƙa zuwa ga ɗa da ke aikin haƙar tagulla a arewa.
Eulalia ta juya takardar, ta juya,
ta ce, "Ashe ba burodi kaɗai suke saye ba.
Matakalar suke biya a ɗauke musu."
Ta sa wa kowane saƙo farashi, kaɗan,
ni kuma da na ɗauka aikina ya mutu
na koma mai murza feda da zaga gari.

Bayan wata takwas mai tanda na tudun gaba
ya kafa tasa igiyar, har da inji.
Na shigo ina huci, na ce sata ce.
Ba ta ko ɗago daga kwaɓin ba.
"Igiyar ya ɗauka," in ji ta. "Daren ukun fa?"
A lokacin tana gwada tulun miya
wanda ba ya zuba ko iska ta kaɗa shi.

Yau furfura ta cim mini, tandar a hannuna take.
Ƙafar keken ta yi tsatsa, na rataye ta a bango.
Duk sa'ad da ciniki ya juya mini baya
nakan ja kujera bakin ƙofa,
in rufe littafin lissafi,
in zauna,
in ga me maƙwabta suka shanya.